Yadda Ake Ƙalubalantar Kora Daga Aiki Ba Bisa Ƙa'ida Ba, Da Rikicin Rage Ma'aikata

Idan aka sallami ma'aikaci daga aiki ya kuma ga an zalunce shi, kotu ko hukumar da za ta saurari kokensa tambaya biyu za ta yi, kusan a duk ƙasar da ke da dokar kare ma'aikata: shin akwai dalili karɓaɓɓe na sallamar, sannan shin an bi hanyar da ta dace kafin a yanke hukuncin? Kowace daga cikinsu zaman kanta take yi. Kamfani yana iya kasancewa da dalili mai ƙarfi amma ya faɗi a shari'a saboda bai ba ma'aikacin damar kare kansa ba, haka kuma yana iya cika dukkan ƙa'idojin zama da rubuce-rubuce alhali dalilin da ya dogara da shi ƙage ne. Tushen wannan tsari yana cikin Yarjejeniya mai lamba 158 wadda Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ILO, ta amince da ita a 1982, wadda ta ce ba za a sallami ma'aikaci ba sai da dalilin da ya shafi iya aikinsa, ko halayyarsa, ko buƙatar tafiyar da ma'aikatar kanta. Ba kowace ƙasa ce ta rattaba hannu a kanta ba. A Amurka ma, ƙa'idar da ake bi a kusan dukkan jihohi ita ce mai ɗaukar aiki yana da ikon sallama ba tare da ya faɗi dalili ba, matuƙar ba wariya ko ramuwar gayya ce ta sa shi ba. Don haka matakan da ke tafe hanya ce ta gaba ɗaya, amma adadin kwanaki da na kuɗi sai an duba dokar ƙasar da ake aikin a cikinta da kuma yarjejeniyar da aka sa wa hannu.

Ranar da aka sanar da kai

Yawancin ɓarnar da ma'aikaci ke yi wa shari'arsa a wannan rana yake yin ta, tun bai san akwai wata shari'a a gabansa ba. Za a kira ka ofishin kula da ma'aikata, ka tarar da manaja da wani jami'i, a miƙo maka ambulan, sannan a turo wata takarda daban gabanka da biro a kanta, a ce ka sa hannu domin a gaggauta biyan haƙƙoƙinka. Ka tsaya ka karanta ta daga farko har ƙarshe. Idan shaida ce kawai ta cewa wasiƙar ta iso hannunka, ka sa hannu, ka rubuta kwanan wata, ka ƙara da hannunka cewa ka karɓa ne kawai, ba ka amince da abin da ke ciki ba. Idan kuwa ka ga jimlar da ke cewa kuɗin da za a ba ka su ne biya na ƙarshe, kuma ba ka da sauran wani haƙƙi a kan kamfanin, kada ka sa hannu a ranar. Ka nemi a ba ka kwafi ka tafi da shi gida, kuma wanda ya hana ka tafiya da takardar da yake so ka sa wa hannu ya riga ya nuna maka akwai abin dubawa a cikinta.

Akwai kuma shawarar da ake bayarwa cikin taushin murya, a ce gara ka rubuta takardar murabus da kanka don kada sunanka ya ɓaci. Wanda ya rubuta murabus ya sauƙaƙa wa kamfani aiki ƙwarai, domin kafin ya yi maganar zalunci sai ya fara gamsar da kotu cewa korar sa aka yi. Gaskiya ne dokokin ƙasashe da dama, kamar Birtaniya da Afirka ta Kudu, suna ɗaukar murabus ɗin da aka tilasta wa mutum ta hanyar ƙuntata masa a matsayin kora, amma a nan nauyin kawo hujja yana wuyan ma'aikaci, kuma shari'a ce mai wuyar ci. Haka nan idan da baki aka ce maka kada ka sake zuwa, ka aika da imel ko wasiƙa a ranar, cikin ladabi, kana cewa an shaida maka da ƙarfe kaza cewa an sallame ka, kana neman a tabbatar maka a rubuce tare da dalili. In ba haka ba, bayan mako guda ana iya cewa kai ne ka daina zuwa aiki.

Ka ƙirga wa'adi kafin komai

Wannan mataki shi ya fi gaggawa, kuma shi aka fi sakaci da shi. A Jamus mako 3 ne kacal daga ranar da takardar sallama ta iso hannun ma'aikaci, in ya wuce bai shigar da ƙara ba doka za ta ɗauki sallamar a matsayin ingantacciya. A Afirka ta Kudu kwana 30 ne ake da shi a kai koke gaban hukumar sasantawa ta CCMA. A Birtaniya wa'adin da aka daɗe ana aiki da shi shi ne wata 3 ba kwana ɗaya, a Faransa kuwa wata 12. Abin lura shi ne ɗaukaka ƙara a cikin kamfani, ko jiran amsar wata wasiƙa, ko alkawarin cewa ana duba maganarka, galibi ba sa tsayar da ƙirgar kwanakin. Ka gano wa'adin ƙasarka daga ofishin ƙwadago, ko ƙungiyarku, ko lauya, a cikin makon farko, ka rubuta ranar ƙarshe a inda za ka riƙa ganin ta, sannan ka ɗauka cewa mako guda kafin wannan ranar shi ne ƙarshen wa'adinka.

Tattara takardu

Tun ran gini ran zane: ma'aikacin da ya saba adana takardunsa tun yana cikin aiki shi ne ke samun sauƙi a nan, domin sau da yawa a ranar sallama ake rufe akwatin imel na ofis. Abin da ake buƙata shi ne takardar ɗaukar aiki da duk wani gyara da aka yi mata, littafin ƙa'idojin ma'aikata, takardun albashi na aƙalla shekarar ƙarshe, sakamakon auna ƙwazo, takardun tuhuma ko gargaɗi da amsoshin da ka bayar, takardun asibiti idan rashin lafiya ta shigo cikin maganar, da saƙonnin waya tsakaninka da shugabanninka. Amma ka tsaya a kan abin da ya shafe ka. Kwashe bayanan abokan cinikin kamfani ko sirrin kasuwancinsa laifi ne da zai iya ba su sabuwar hujja a kanka.

Bayan haka ka zauna ka rubuta yadda abubuwa suka faru bi da bi, kowane da kwanan watansa, da wanda ya faɗi magana, da waɗanda ke wurin. Amfanin wannan jeri ya wuce taimakon tunawa, domin shi ne ke fito da abin da ba a faɗa ba. Ma'aikaciyar da ta shekara 6 ana yaba aikinta, ta sanar da cewa tana da juna biyu a watan Maris, ta samu takardar gargaɗi ta farko a rayuwarta a watan Afrilu, aka sallame ta a watan Yuni, ba ta buƙatar dogon bayani. Kwanakin watan sun yi rabin aikin.

Ka tabbatar doka ta rufe ka

Kariyar da ake magana a kai ta ma'aikaci ce, ba lallai ta shafi ɗan kwangila mai zaman kansa ba, sai dai kotuna kan duba zahirin alaƙar fiye da sunan da aka ba ta a takarda: wa ke tsara lokacin aikinka, kayan aikin na wane ne, kana iya tura wani a madadinka? Wasu dokokin kuma suna da nasu iyakokin. Dokar Haƙƙoƙin Ma'aikata ta Birtaniya ta 1996 tana buƙatar mutum ya yi wani tsawon lokaci yana aiki kafin ya iya ƙarar kora ba bisa ƙa'ida ba, ko da yake sharaɗin ba ya aiki idan dalilin korar na wariya ne ko makamancinsa. Dokar Ƙwadago ta Najeriya kuwa ta cire masu riƙe da muƙaman gudanarwa da ƙwararru daga ma'anar ma'aikaci, don haka su yarjejeniyar aikinsu ce babban madogararsu a gaban Kotun Ma'aikata ta Ƙasa.

Auna dalilin da aka bayar

Idan laifi aka ce ka yi, abin dubawa shi ne ko an faɗa maka tuhumar filla-filla kafin zama, an ba ka lokacin shiri, an nuna maka hujjojin, an saurare ka, kuma wanda ya yanke hukuncin ba shi ne mai ƙarar ba. Dokar Kenya ta 2007 ta wajabta a yi wa ma'aikaci bayanin tuhumar da harshen da yake fahimta, kuma yana da ikon zuwa da abokin aiki ko wakilin ƙungiya. A Faransa dole a gayyaci ma'aikaci zaman tattaunawa kafin sallama, kuma sai an bar aƙalla kwanakin aiki 5 tsakanin isar gayyatar da zaman. Ka duba kuma ko hukuncin ya dace da girman laifin, da yadda aka yi da wasu da suka aikata irinsa. Sata ko duka ko zamba suna iya jawo kora nan take ba tare da notis ba, amma makara ta kwana biyu ba ta kai nan ba.

Idan gazawa aka ce, to ana sa ran an taɓa faɗa maka inda ka gaza, an nuna maka mizanin da ake so, an ba ka lokaci da horo ka gyara. Sannan akwai dalilan da ba sa karɓuwa ko da an bi kowace ƙa'ida. Yarjejeniya ta 158 ta lissafa su: shiga ƙungiyar ƙwadago ko wakiltar ma'aikata, kai ƙarar mai ɗaukar aiki, launin fata, jinsi, aure, nauyin iyali, juna biyu, addini, ra'ayin siyasa, asali, hutun haihuwa, da rashin zuwa aiki na ɗan lokaci saboda ciwo ko rauni. Ba a cika samun kamfanin da zai rubuta ɗaya daga cikin waɗannan a wasiƙar sallama ba, shi ya sa jerin kwanakin da ka rubuta yake da muhimmanci.

Idan an ce rage ma'aikata ake yi

A nan ne aka fi samun ruɗani, domin rage ma'aikata halastaccen dalili ne, kuma kotu ba ta cika tsoma baki a kan ko ya kamata kamfani ya rufe wani sashe ko ya sauya tsarin aikinsa ba. Abin da take dubawa shi ne ko gurbin aikin ne ya tafi da gaske, ko kuwa mutumin ake so a rabu da shi aka fake da ragi. Alamar da ta fi kowace ƙarfi ita ce a sallame ka yau, bayan wata biyu a tallata guraben aiki da ayyukan da kake yi, an sauya musu suna kawai. Idan ka ga irin wannan talla, ka ɗauki hotonta da kwanan watanta kafin a cire ta.

Ko da ragin na gaskiya ne, sauran tambayoyi uku. Ta farko ita ce tuntuɓa: an zauna da kai ko da ƙungiyarku tun hukuncin bai tabbata ba, ko kuwa sanarwa kawai aka yi aka kira ta shawara? A Birtaniya, idan za a rage mutum 20 zuwa 99 a wuri guda cikin kwana 90, dole a fara tuntuɓar wakilan ma'aikata aƙalla kwana 30 kafin sallamar farko, idan kuwa sun kai 100 sai kwana 45. A Kenya ana ba ƙungiya da jami'in ƙwadago sanarwar wata guda. Sashe na 189 na Dokar Hulɗar Ƙwadago ta Afirka ta Kudu ta 1995 ya wajabta a tattauna hanyoyin kauce wa sallamar da na rage yawan waɗanda za ta shafa. Hatta a Amurka, dokar WARN ta 1988 ta tilasta wa kamfanoni masu ma'aikata 100 ko fiye su ba da sanarwar kwana 60 kafin rufe masana'anta ko sallamar jama'a da yawa.

Ta biyu ita ce yadda aka zaɓe ka, kuma a ganina nan ne ya kamata ma'aikaci ya fi zuba ido. A ce sashen lissafi yana da akawu 5, ana so a bar 3. Me ya sa kai kana cikin biyun da za su tafi? Sashe na 20 na Dokar Ƙwadago ta Najeriya ya ce wanda ya shigo a ƙarshe shi zai fara fita, tare da la'akari da ƙwarewa da iya aiki da riƙon amana. Wasu wuraren kuma maki ake bayarwa a kan ƙwazo, ƙwarewa, zuwa aiki da tarihin ladabtarwa. Ka nemi a ba ka makinka da ma'aunin da aka yi amfani da shi, a rubuce. Ka duba ko an lissafa hutun haihuwa ko jinyar da likita ya tabbatar a cikin rashin zuwa aiki, domin yin haka yana iya zama wariya. Ka duba ko makin da aka ba ka a kan ƙwazo ya yi daidai da sakamakon auna aikinka na bara. Wanda aka rubuta wa yabo a watan Disamba sannan aka ba shi 2 cikin 10 a watan Mayu yana da tambayar da kamfani zai sha wuyar amsawa. Ka duba kuma ko tun farko an ware ka kai kaɗai alhali akwai wasu masu irin aikinka da ba a saka su cikin awon ba.

Ta uku ita ce ko an nema maka wani gurbi a cikin kamfanin. Idan an yi maka tayi, kada ka yi saurin ƙi don fushi, domin a Birtaniya da Afirka ta Kudu ƙin karɓar aikin da ya dace ba tare da dalili ba yana iya sa ka rasa kuɗin sallama. Dokar Birtaniya ta ba da damar gwada sabon aikin na mako 4 ba tare da haƙƙin ya faɗi ba.

Kuɗin sallamar kansu sai ka lissafa da hannunka. Mutum mai shekara 45 da ya cika shekara 10 yana aiki zai samu aƙalla albashin mako 10 a Afirka ta Kudu, wato mako ɗaya a kan kowace shekara. A Kenya albashin kwana 15 ne a kan kowace shekara, wato kwana 150. A Birtaniya mako 12 ne, saboda shekarun da ya yi daga 41 zuwa sama ana ƙirga su mako ɗaya da rabi, ko da yake akwai iyakar da aka sa wa albashin mako. Waɗannan su ne mafi ƙaranci, yarjejeniyarka ko ta ƙungiyarku tana iya ba da fiye da haka, kuma kuɗin notis, albashin da ba a biya ba, kuɗin hutun da ba ka je ba, giratuti da gudummawar fansho duk lissafinsu daban ne.

Ɗaukaka ƙara a cikin gida

Idan littafin ƙa'idoji ya tanadi ɗaukaka ƙara, ka yi amfani da shi cikin kwanakin da aka ƙayyade ko da ba ka sa ran nasara. A Birtaniya kotu tana iya rage diyya ko ƙara ta har da kashi 25 cikin 100 idan wani ɓangare ya ƙi bin ƙa'idojin ACAS, hukumar sasanta rikicin ƙwadago ta ƙasar, ba da dalili ba. Wasiƙar kada ta wuce shafi ɗaya ko biyu: ranar da aka sallame ka, dalilin da aka bayar, wuraren da kake ganin an kauce wa ƙa'ida ɗaya bayan ɗaya, da abin da kake nema. Ka bar zagi da tone-tone, domin alƙali zai iya karanta wasiƙar nan wata rana.

Sasantawa

Yawancin irin waɗannan rigingimu a teburin sulhu suke ƙarewa, kuma a ƙasashe da dama ba a isa gaban alƙali sai an bi ta nan. Tun 2014 dole mai ƙara a Birtaniya ya fara sanar da ACAS, a Afirka ta Kudu CCMA ce ke fara zama da ɓangarorin, a Ghana kuma akwai Hukumar Ƙwadago ta Ƙasa da dokar 2003 ta kafa. Kafin ka shiga, ka raba lissafinka gida biyu: abin da yake haƙƙinka ko da sallamar daidai ce, da diyyar da kake nema saboda ba daidai ba ce. Dabarar da aka saba yi ita ce a tara haƙƙoƙinka na dole a gabatar maka da su kamar wani rangwame, a nemi ka yafe ƙara a madadinsu. Ka sa a rubuta ranar biya, da wanda zai ɗauki nauyin haraji, da irin takardar shaidar aiki da za a ba ka, domin ga mai neman sabon aiki wannan takarda tana iya fin albashin wata guda amfani. Kada ka sa hannu sai lauya ko jami'in ƙungiya ya karanta. A Birtaniya ma yarjejeniyar da aka ƙulla kai tsaye da kamfani ba ta hana ma'aikaci zuwa kotu sai idan ya samu shawarar mai ba da shawara mai zaman kansa.

Idan ta kai ga kotu

A ƙasashe irin su Kenya da Afirka ta Kudu, da zarar ka nuna an sallame ka, kamfani ne zai tabbatar da cewa dalilinsa ingantacce ne. Kotu tana iya mayar da kai bakin aiki ko ta ba ka diyya. Dokar Afirka ta Kudu ta fifita mayarwa, amma a mafi yawan wurare kuɗi ake bayarwa, kuma suna da iyaka: albashin wata 12 a Kenya, wata 12 a Afirka ta Kudu, ko wata 24 a can idan dalilin korar yana cikin haramtattu. Ka auna wannan da kuɗin lauya da tsawon lokacin da shari'ar za ta ci kafin ka ƙi tayin sulhu mai ma'ana. Ka sani kuma abokan aikin da suka yi maka alkawarin shaida suna cin albashi a hannun wanda kake ƙara, don haka ka gina ƙararka a kan takardu, shaidarsu ta zama ƙari.

Duk tsawon wannan lokaci ka ci gaba da neman aiki, ka kuma adana kwafin kowace takardar neman aiki da ka aika da amsar da aka ba ka. A wuraren da ake auna diyya da asarar albashi, lauyan kamfani zai tambaye ka abin da ka yi don rage asarar, kuma idan kotu ta ga zama ka yi kana jiran hukunci, tana iya zaftare wani kaso na abin da za ta ba ka. Karɓar sabon aiki ba ya soke ƙararka, sai dai a cire abin da kake samu a can daga lissafin asarar.